Gandun Malam a Kangon Bronx

Azumin bana ya zagayo ya same mu daidai inda ya same mu shekara talatin da wani abu da suka wuce, wato ƙarshen hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta gama narkewa ta bar ƙasa jiƙe baƙa ƙirin, itatuwan unguwarmu Parkchester da ke Bronx kuma suka fara kumburo idanu. Jiya da la'asar na buɗe firij zan ɗauko kayan miya, sai hannuna ya tsaya a kan aljihun ƙasa, na kama dariya ni kaɗai. Maigidana yana falo da carbinsa, ya ce, "Rabi, lafiya?" Na ce, "Malam, asuwaki na tuna." Ya ce, "In za ki ba da labarin nan ki faɗi gaskiya, har da layin da kika ɓoye mini." To ga shi zan faɗa, har da layin.

Mun sauka garin nan a ƙarshen shekarun tamanin, ina goye da 'yarmu Sadiya. A gida Malam ma'aikacin gandun daji ne, ya yi karatun abin, ya shekara bakwai yana rainon itatuwa da dasa su a arewacin Kano. A nan kuwa akwatunan matafiya yake lodawa a filin jirgin sama na JFK. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Amma littattafansa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, kuma na sha ganin ya jawo kwalin, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya mayar bai buɗe ba.

Lokacin babu shagunan kayan gida irin na yau. Yanzu in ina son kuka ko daddawa, jikata ce take latsa waya a kawo har ƙofa, wayar ce ma take gaya mana an sha ruwa. A da takardar lokutan salla ce muke liƙawa a ƙofar firij, kayan miya kuwa sai wani ya sauko daga jirgi da ƙulli, ya damƙa wa Malam, shi kuma ya kawo mini in raba wa mutanenmu. Na saba da haka. Shi ya sa ranar huɗu ga azumi, da ya dawo daga wata tafiya ta kwana biyu da baƙar leda a hammata, ya tura ta aljihun firij, ya ce, "A bar wannan cikin sanyi," ya fice da sauri kada jirgin ƙasa mai lamba shida ya wuce shi, ban yi wani dogon tunani ba.

Na buɗe ledar. Sanduna ne ɗauri-ɗauri, kowanne tsawon sabon fensir, kaurin ɗan yatsa, ɗanye sharaf, yana wani ƙamshi kamar na ƙaro. Na ce alhamdu lillahi, asuwaki! Duk mai azumi ya san yadda baki yake komawa bayan azahar, ga shi muna tsoron man goge baki kada kumfa ya wuce maƙogwaro. Da yamma na soya ƙosai, na dama kunun tsamiya, kowane gida na kai kwano na ɗora sanda biyar a kai. Gida goma na kai wa. Har addu'a aka yi ta yi mini.

Da safe sai ga Hajiya Memuna, wata 'yar Zangon Kumasi da ke hawa na uku, mai sayar da atamfa a Harlem. Ta girme ni da shekara goma sha, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Ei, Amarya! Wannan asuwaki na wane gari ne? Ɗaci paa! Tun asuba bakina kamar na tauna maganin zazzaɓi."

Na ce, "Ƙila na Barno ne, Hajiya."

"To mutanen Barno suna da haƙuri."

Malam ya dawo gab da magariba. Kafin ya taɓa dabino ya buɗe firij, ya fito da ledar, ya ƙirga ɗaurin sau biyu. Sai ya zauna a kan kujerar kicin, ya ce a hankali, "Rabi, ina hamsin?" Na gaya masa, har ina murmushi. Ya rufe fuska da tafin hannu, na kasa gane ko dariya yake ko kuka.

A ranar na ji abin da ya ɓoye mini. Ashe ya fi shekara yana rubuta wa wani dattijon farfesa wasiƙa, can arewacin jihar, tafiyar awa biyar a bas. Farfesan yana gwajin wani itace mai saurin girma da suke kira fofla. Ba don inuwa ba, ba don katako ba. Shuka shi ake yi kamar hatsi, a sare, a daddatsa, a ƙona a manyan tukwane a ɗumama gine-gine ko a samar da lantarki. Yana so ya ga ko zai yi a kan ƙasar birni da ta lalace. Ya ba Malam sanda ɗari biyu, wata ƙungiyar unguwa kuma ta ara musu kango a kudancin Bronx. Ya ce masa in ya raya gandun har girbin farko, shekara huɗu, kuma nauyin itacen ya gamsar, zai ɗauke shi aiki.

"Wannan ne na ƙarshe," in ji Malam. "In bai yi ba, littattafan nan kyauta zan bayar, in daina yaudarar kaina."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ji kunya ne in sa miki rai."

Ban taɓa jin nauyi irin na washegari ba. Ta yaya mutum zai ƙwanƙwasa ƙofa cikin azumi ya ce a dawo masa da kyautar da ya bayar? Na tsaya a ƙofar farko na kasa ɗaga hannu. Hajiya Memuna ce ta ture ni gefe, ta doka ƙofar da tafi.

"Salamu alaikum! Ku fito da itacen mutane. Gona ce kuka tauna!"

Haka muka bi gida goma, tana shela ina ɓuya a bayanta. Wasu sun yar saboda ɗaci. Wasu sun kawo da kai a tattaune kamar gezar masara. Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos, Kirista, ita ma na kai mata kwano. Nata biyar ɗin ta tsoma su a kofin ruwa a taga, ta ce ita da ta ga idanu a jikinsu ta san abu ne mai rai. Malam ya baje abin da muka samo a kan tabarma, ya yanke inda haƙora suka taɓa, ya ware waɗanda suka rage da ido ko da biyu ne. Goma sha tara suka tsira, gajeru-gajeru. Ya ɗaure su daban.

Waɗanda suka tauna ɗin su ne suka zo gayya ranar Lahadi.

Kangon gida ne da ya ƙone shekarun baya aka rushe shi. Shingen waya ne da kwado, a ciki ɓaraguzan bulo, fasassun kwalabe, ƙarfen katifa, da wani takalmin yaro guda ɗaya da na ɗauka na rasa inda zan ajiye. An zubo ƙasa mota biyu, mu muka baje ta. Yayyafi ake yi mai sanyi wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya ji yatsunsa sun daina jin magana. Ga yunwa. Azumin lokacin dogo ne, rana ba ta faɗuwa sai bakwai da rabi ta gota, kuma daga wani shago a kusurwa ƙamshin soyayyar kaza yake bugo mu tun hantsi. Sista Rifkatu ta ƙi cin komai a gabanmu, sai ta zagaya bayan wata motar da aka yasar ta sha shayinta.

Malam ya ja igiya ya fitar da layuka. Ya nuna mana: a soka sandar a tsaye, idanu suna kallon sama, a bar ido ɗaya kawai a waje, a taka ƙasar da diddige. Hajiya ta ce ita tun tana yarinya take dasa rogo, kuma a kwance-kwance ake soka shi.

"Hajiya, wannan ba rogo ba ne."

"Itace dai itace ne, Malam Boko."

Ya bi bayanta yana miƙar da nata ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa tsiya. Gajerun nan goma sha tara ni ya ba, ya ce in sa su a layin ƙarshe, wajen shingen kudu, don ba ya sa ran za su yi. Ina sokawa ina tuna daga gidan da kowanne ya fito. Wannan na Hajiya ne, ga alamar wuƙa. Wannan na wani maƙwabcinmu Alhaji mai tasi. Waɗannan na taga ne.

Da muka gama na waiwaya. Wallahi babu abin gani. Fili ne na laka da 'yan tsinke-tsinke, kamar an zubar da ashana.

Ni mutum ce mai son ganin yadda abu yake faruwa. Tun muna sakandare ni ce mai tono waken da aka shuka a gwangwani in ga ko ya yi saiwa. Sai na mayar da zuwa kangon aikina. In Malam ya tafi filin jirgi, na gama shara da wanke-wanke, sai in goya Sadiya, mu hau jirgin ƙasa tasha biyar. Kwana tara ba komai. Rana ta goma idanun suka tsage, wani ɗan ganye mai danƙo ya leƙo, ja-ja, a naɗe kamar kunnen ɓera. Kafin Salla duk filin ya yi kore-kore. A layina goma sha biyu suka kama.

Sai zafi ya shigo. Wanda bai yi watan Yuli a Bronx ba zai ce ai mu 'yan Kano ne, me zafi zai yi mana. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Wannan kuwa kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo, kwalta tana laushi tana kama takalmi, shara tana wari tun daga nesa. Babu famfo a kangon. Wata tsohuwa a ginin da ke kusa ta bar mu muna ɗiba a ƙasan benenta, mu cika galan-galan na madara, mu loda a keken cefane mu turo. Sawu goma sha biyu a rana in an kwana biyu ba ruwan sama. Ciyawa kuma ta taso kamar da gayya. Malam ya ce a shekarar farko ciyawa ce take kashe fofla, ba ƙishirwa ba. Ba mu da fartanya, sai wani maƙeri ɗan Nijar da ke gyaran mota a Harlem ya ƙera mana biyu da ƙarfen sifirin mota. Ranar da na riƙe ta sai da ƙwalla ta zo mini.

Amma girman itacen nan abin mamaki ne. Na ɗaura zare a shingen waya daidai tsayin guda ɗaya ranar Litinin, na dawo Juma'a ya wuce zaren da yatsa huɗu. Ƙarshen Agusta sun fi ni tsawo. Ganyensu ba ya zama shiru, ko iska kaɗan ce sai ya kama rawa yana wata ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Nakan shimfiɗa ɗankwali a tsakanin layuka in yi la'asar a wurin, jirgi yana wucewa can sama, ni kuwa kamar ina fadama.

Da kaka ta yi ganyen ya koma ruwan ɗorawa ya zube. Ban damu ba, na riga na ga itatuwan garin suna haka su dawo. Abin da ban sani ba shi ne wanda Malam ya gaya mini wata rana muna cin tuwo.

"Kafin su farka, cikin Fabrairu ko farkon Maris, za mu sare su."

"Mu rage rassa?"

"A'a. Daga ƙasa. A bar kamar yatsa huɗu."

Na ajiye lomar. "Duka?"

"Duka. In an sare, saiwar tana nan da ƙarfinta, sai kututturen ya fito da toho da yawa maimakon ɗaya. Su ne za a bari shekara uku a girbe, su sake fitowa, a sake girbewa. Haka ake yi shekara da shekaru ba a sake shuka ba."

Na ji bayanin, kaina ya ɗauka, zuciyata ta ƙi. Ni a inda na tashi, wanda ya sare ɗanyen itace ƙarami sai an kai shi gaban mai unguwa. Tun a Islamiyya aka koya mana dasa itace sadaka ce. Kuma shi kansa Malam ɗin nan, ba shi ne yake bin masu gatari da keke a gida ba?

Cikin Fabrairu santsin ƙanƙara ya kwashe shi a wurin aiki, ƙafa ta karye, aka naɗe ta da filasta har gwiwa. Yana kwance yana kallon kalanda. Ranar da ya ga ruwa ya fara ɗiga daga rufin gini, ya kira ni.

"Rabi, ba zai jira ni ba. Ke za ki je."

Muka tafi mu uku, ni da Hajiya da Sista Rifkatu, da almakashin itace mai dogon hannu da Farfesa ya aiko. Sanyi yana yanka kunne. Itatuwan suna tsaye tsirara, sumul, masu launin toka. Na ɗora bakin almakashin a gindin na farko na tsaya.

"Amarya, liman kike jira?" in ji Hajiya. "Ko sai mun juya shi gabas?"

Sista Rifkatu ta karɓa daga hannuna. "Kawo, Maman Sadiya. Mu a asibiti mun saba. In za ki yanka, ki yanka sau ɗaya, kada ki tsaya tausayi ki yi ta gurzawa." Ta danna, ƙas, itacen ya kwanta. Cikinsa fari fat, da ɗan kore a gefe, yana ƙamshi.

Na yi bismilla na bi. Layi bayan layi muka yi ta kwantar da wahalar shekara guda. Da muka iso layin kudu rana ta yi ƙasa, na ce musu su tafi, ni zan ƙarasa. Suka tafi.

Ban ƙarasa ba. Kakata Iya Dije ce ta tsaya mini a rai. A ƙauyensu wajen Ɗambatta, ko ruwan farko ya kai yaya, ba ta taɓa yarda a fitar da iri duka ba. Sai ta rage ƙwarya guda a rumbu, don ruwan farko yakan yi ƙarya. A shekarar fari wannan ƙwaryar ce ta fitar da gidanmu, na gani da idona. Sai na ce a raina, in kututturan nan suka ƙi tashi, ai mutumin nan ba shi da komai ke nan. Bari in rage masa iri. Na rufe kwado na tafi, goma sha biyu suna tsaye.

Ya tambaye ni, "An gama?" Na ce, "An sare." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma na san Allah ya san bambancin.

Azumi ya sake kamawa. Wannan karon ba yunwa ce ta dame ni ba. Kullum ina kangon a durƙushe ina leƙen kututture. Samansu ya yi baƙi, wasu sun tsattsage. Layina kuwa ya fitar da ganye shar. Na ce ka gani, Iya Dije ta yi gaskiya. Sati biyu ina cikin wannan hali, ina tausayin Malam ina kuma shirya yadda zan ba shi labari mai daɗi a cikin mara daɗi.

Sai wata safiya na ga wasu ƙuraje jajaye a gefen wani kututture, ƙasa da inda aka yanka, a jikin ɓawon da na ɗauka ya mutu. Na taɓa da farce, tauri gare su. Na duba na gaba, akwai. Bayan kwana biyar suka zama toho. Na ƙirga a guda ɗaya, bakwai. Wani tara. Na zauna a kan bulo ina ta subhanallahi. Daga ina suka fito? A ina suke ɓoye duk shekarar da ta wuce? Har yau na kasa daina mamakin wannan.

Bayan Salla Malam ya matsa sai ya je, yana dogara sanda biyu. Na buɗe kwado. Ya ga tohon, fuskarsa ta washe. Sai ya ɗaga kai.

Ya daɗe yana kallon layin kudu. Sa'an nan ya nuna ƙasa da sandarsa. Rana tana fitowa ta bayan dogayen nan goma sha biyu, inuwarsu ta kwanta a kan layi biyu na kusa. Tohon wurin sirara ne, ɗashe-ɗashe, rabin na sauran.

"Iri na rage maka," na ce.

"Irin yana cikin ƙasa, Rabi. Ai shi ne saiwar."

Yanzu kuma ba dama a sare, ruwa ya riga ya hau jikinsu. Farfesa ya zo a watan Yuni, dogon tsoho mai jar fuska da takalmin roba. Ya zagaya, ya yi rubutu, ya ce layin kudu da biyun da ke cikin inuwa sun fita daga lissafi. Da ma an rasa wasu tun farko. Abin da ya rage da ƙyar ya isa gwaji. "Sai mun ga sikeli," in ji shi.

Kwana uku Malam yana cin abinci ba ya cewa ya yi daɗi ko bai yi ba. Ni kuma ina istigfari. A na huɗu ya jawo kwalin nan, ya buɗe shi a karon farko, ya ɗauko tef na awo ya miƙo mini.

"Tunda kin bar su, sai ki riƙa auna su duk wata. Ni ma ina so in ga abin da za su yi."

Shekara uku muka yi a haka. Ciyawa ta daina damunmu don gandun ya rufe, ya yi duhu, tsuntsaye suka tare. Wata damina ganyen ya yi wani gari-gari ja kamar tsatsa ya zube da wuri, Malam ya rame a watan kamar shi ne itacen. Ƙafarsa ta warke ya koma ɗaukar akwatuna. Azumi yana ta matsowa baya cikin sanyi, yini yana gajarta, har shekarar girbi ya faɗo tsakiyar ƙanƙara.

Ranar girbin Farfesa ya zo da babbar mota, da sikelin rataye, da zarto mai inji. Mutanen gayya suka dawo, har da waɗanda suka tashi daga unguwar. Kowane kututture ya ba da sanduna biyar ko shida masu kaurin damtse, tsawonsu ya kai hawa biyu. Ana sarewa, ana ɗaurewa, ana ratayawa, tsohon yana rubutu. Numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Leɓena ya tsage, ba damar lasa. Hajiya ta raɗa mini, "Wannan Bature fuskarsa kamar ƙofar banki, ba ka sanin abin da ke ciki."

Da aka zo layin kudu ya dube ni, ashe Malam ya ba shi labari. Ya miƙo mini ƙaramin zarton hannu. Sun kai kaurin cinya. Na fara da na Hajiya. Da ya faɗi sai ta buga guɗa, mutanen da ke wucewa a titi suka tsaya kallo. Aka auna su daban, don sha'awa kawai. Nawa ba su ji kunya ba, nauyinsu ya yi kusa da na sauran. Sai dai sun cinye rabon maƙwabtansu, layi biyun nan ko rabi ba su kai ba.

Farfesa ya rufe littafinsa, ya yi sallama, mota ta tafi da itacen. Bai faɗi sakamako ba. Muka ƙarasa azumi, muka yi Salla, shiru. Sati uku bayan Salla wasiƙa ta zo. Malam ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ya sake karantawa, ya wuce ɗaki ya yi sujada. An ɗauke shi. Litinin zuwa Juma'a yana can, Asabar da Lahadi yana gida.

Kangon ya koma hannunmu mu mata. Mun sake girbi sau biyu. Kowane karo wasu kututture ba sa tashi, sai gibi, waɗanda suka rage kuma su ƙara faɗi. A ƙarshen shekarun casa'in aka karɓi filin aka gina gidaje, masu kyau kuwa, akwai mutanenmu a ciki.

Amma tun ranar da motar nan ta tafi akwai abin da yake cina: ina itacen ya je? Na dami Malam har hunturun da ya biyo ya ɗauke ni a bas. Ya kai ni wata makarantar yara a ƙauye, yana sanye da rigar aikinsa mai sunansa a ƙirji, ya sauka da ni ƙarƙashin ginin. An daddatsa itacenmu ya bushe, ya zama tari guda a lungu, bai kai tsayina ba. Wani ƙarfe mai juyawa yana jansa kaɗan-kaɗan zuwa cikin tukunya. Malam ya buɗe wata 'yar taga ya ce in leƙa. Wuta ce fara, tana gurnani. Abin da ya faɗa ciki, kafin in ƙifta ido babu shi.

Na ce, "Duka tarin nan kwana nawa zai yi?"

"In sanyi ya yi tsanani, bai fi sati ba."

"Shekara huɗu, Malam. Sati ɗaya?"

"Sati ɗaya."

Na ci gaba da kallon wutar. Sai ya ce in zo. Muka hau sama, ya tsaya a bakin wani aji. A waje ƙanƙara ta kai gwiwa. A ciki yara ne kusan ashirin, sun tuɓe rigunan sanyi sun rataye, suna zaune a ƙasa suna zane. Wata 'yar ƙarama ta cire har takalmi, ta jingina tafin ƙafarta da bututun ɗumi tana lumshe ido.

Na sa hannu na taɓa bututun. Na daɗe ban ɗauke ba.